Sabis Ɗin Gyadi-Gyadi Bai Kai Ƙauye Ba

Sa'adiya ta shiga sahun ƙarshe na masu neman tallafin karatun ungozoma daga wata ƙungiya. Saura ganawa ta bidiyo kawai, ranar Talata da ƙarfe goma na safe. Sai dai a ƙauyensu layi ɗaya tak ne yake kamawa, shi ma sai an hau tudun bayan firamare, kuma tsohuwar wayarta da ƙyar take riƙe kira.

Ta kira yayanta Muntaka, tela ne a Gyadi-Gyadi. Ya ce ta taho Kano mana. Ta ce Inna ba ta jin daɗi, ba mai ɗebo mata ruwa. Ya ce to ta kwantar da hankalinta, zai aiko mata da 'yar na'urar nan mai raba intanet da ake ce wa maifai.

Muntaka mutum ne mai zuciyar yi, amma akwai gaggawa. A ranar ya hau adaidaita sahu ya tafi Tarauni, ya ce wa mai shago ya ba shi wadda ta fi gudu. Aka kunna, bidiyo ya buɗe nan take. Mai shago bai tambayi inda za a kai ta ba, shi ma Muntaka bai faɗa ba. Ya zuba data, ya ba direban garinsu.

Ashe layin da ke ciki bai san hanyar ƙauyensu ba. Sa'adiya ta hau tudu, ta ɗaura na'urar a kan gora ta ɗaga sama, jar wuta kawai take nunawa. Ta saka nata layin, na'urar ta ƙi karɓa, don a kulle take da layin kamfani ɗaya.

Ranar Lahadi Muntaka ya kira, muryarsa cike da murna. "Ƙanwata, ya gudu? Kamar iska ko?"

Ta tuna yadda yake wuni a kan keken ɗinki. "Tana yi, Yaya. Allah ya ƙara buɗi."

Kaico, wannan kunya! Da ta faɗa, kwana biyu sun ishe shi ya canjo wata, ko ya zo ya zauna da Inna ita ta shiga Kano.

Ranar Talata ta hau tudu da tsohuwar wayarta. Aka kira, fuskar matar da za ta yi mata tambayoyi ta fito ta daskare. Sau uku ana kira yana tsinkewa. Washegari saƙo ya shigo cewa an ba wata gurbin. Baɗi kuwa shekarunta za su haura ƙa'idar ƙungiyar.

Da Muntaka ya je gida ranar Juma'a da ledar tsire don a yi murna, ya tarar da na'urar a cikin kwalinta. Ya kunna da kansa, ya ga jar wutar. Nan ne ta gaya masa an ba wata gurbin. Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa masa.

"Ka yi ɗawainiya, Yaya. Ban iya ce maka ba ta yi ba."

Ya zauna a kan turmi, ya rufe fuska da hularsa, ya yi kuka kamar yaro.

Jama'a, kafin ku aika wa na ƙauye na'urar intanet, ku tambayi layin da ke kamawa a can, a kuma gwada ta tun da sauran lokaci. Wanda aka yi wa kyauta kuma, idan ba ta yi aiki ba ya faɗa, domin faɗin gaskiya ba raini ba ne.