Motar da Ba Ta Sallama

"Mama, me ya sa sabuwar motar ba ta ce wa kyanwata ta tashi ba?"

Na jingine shebur ɗin da na binne kyanwar da shi. Ni ce na dage sai an sayar da tsohuwar mai fetur, don hayaƙinta yana tayar wa yarinyar nan tari. Babanta ya ce, "Ƙarar da kike rainawa, ita ce sallamarta." Na yi masa dariya, muka sayi mai lantarki.

Ɗazu na zare wayar caji, na ja baya a tsakar gida, shiru kamar ba mota ba. Ashe kyanwar na kwance a ƙarƙashi, na take ta.

"Ba ta ji ba ne, 'yar lele," na ce.

Ta goge hanci da bayan hannu. "Ai kullum tare muke kwanciya a ƙarƙashi, akwai sanyi. Idan mota ta yi ƙara sai mu fito. Yau na je ɗebo mata madara ne."

Na durƙusa na rungume ta.

Ku sayi wadda kuke so. Amma kafin ku motsa ta, don Allah ku durƙusa ku leƙa ƙarƙashi.