Kukan Jita Ta Biyu

"Juya mana baya," in ji shugaban ƙungiyar kiɗansu. "In kunnenki na nan kamar yadda kike cika baki, faɗi wacce ce mai tsadar. In kin kuskure, ki bar mana dandamali."

"Ƙanwata, ki roƙi arziki tun da wuri," mai ganga ya tsokane ta.

"Kai dai ji da sandunanka, yaya."

Jitocin lantarki biyu mai shagon kayan kiɗa ya fito da su: mai matsakaicin kuɗi, da wadda ba a taɓawa sai an wanke hannu. Ita kuwa shekaru tana kaɗa hebi-metal, kiɗan nan mai tsananin ƙara, a gindin lasifika har kunnuwanta suka fara mutuwa. Ta koyi karanta leɓe, ba ta gaya wa kowa ba. Yanzu ga ta tana fuskantar bango.

Ta farko ta yi ruri mai kaushi, kamar zarto a kan kwanon rufi, sautin ya mutu da wuri. Ta biyu ta taso da nauyi, kowace tsirkiya na fita tsaf, ta ratsa ta har haƙora. Ta manta rabonta da jin sauti haka.

"Ta biyun ce mai tsada," ta ce tana murmushi. "Ta farkon shaƙewa take. Akwai wata tambayar?"

Ta waiwayo. Jitocin na jingine inda suke. Mai shago na durƙushe da wayar jita a hannu, bai ko jona ta ba. Duk sun zuba mata ido, leɓɓansu na motsi, ba ta jin muryar kowa.

Ta biyun kuwa ba ta daina kuka a kunnenta ba.