Malam Mirwais Ya Samu Shiru

Malam Mirwais yana koyar da yara hamsin a wata firamare a garin Charikar, amma nasa uku sun gagare shi wuni ɗaya. Hutun sanyi ne, wata uku babu makaranta, ƙanƙara ta rufe lunguna. Wata rana matarsa Torpekai za ta raka mahaifiyarsa ta'aziyya, don haka raino ya faɗo masa.

Tsohuwar ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi. “Mirwais, ga zabibi nan a kwano. Ka zauna da su a sandali, ka yi musu kacici-kacici, ko ka bar su su yi maka. Ba noma na ce ka yi ba.”

“Inna, ni fa malami ne.”

“Na sani, ni na wanke maka kashi. Gawayin kuma ka bar shi a tsakar gida sai ya yi ja gaba ɗaya, ka lulluɓe shi da toka, sannan ka shigo da shi.”

Sandali dai kowa ya taso a cikinsa: gajeren tebur, ƙaton bargo a kai, kaskon garwashi a ƙasa, iyali su zura ƙafafu. Ƙa'idar gawayin ma kowa ya san ta, har da Mirwais.

Suna fita, maƙwabcinsa Yaqub ya leƙo ta katanga ya ce an kafa karta, shayi yana wuta. Mirwais ya dubi kaskon, rabinsa baƙi ƙirin. Minti ashirin ake buƙata, shi kuma ba shi da su. Ya ɗauka ya tura ƙarƙashin teburin. Tagogin an riga an liƙe su da leda tun farkon sanyi. Ya kunna wa yaran katun a waya, ya miƙa wa babban, Sohrab.

Autar, Gulalai, 'yar shekara huɗu, ta riƙe masa riga. “Baba, kacici-kacicin fa?”

“Waya ta fi ni iyawa.”

Ya ja ƙofa, ya toshe ƙasanta da tsumma kada iska ta shiga.

A gidan Yaqub har wa'azi ya yi. “Raino ba wani aiki ba ne, mata ne ke kambama shi. Kun ji motsin kowa?”

Matar Yaqub da ta kawo shayi ta ce, “Yara uku a ɗaki, babu kuka babu faɗa? Malam, ka je ka duba.”

“Tarbiyya ke nan, Hajiya. Ki turo naki in koya musu.”

Aka yi dariya, aka raba wata kartar.

Bayan la'asar Torpekai ta dawo. Ta buɗe ɗakin, wayar tana ta waƙa ita kaɗai. Sohrab da ƙanensa suna kwance, sun yi amai, da ƙyar suke numfashi. Gulalai ta shige cikin bargon har kai, kamar yadda ta saba in ta ji sanyi.

Yaran biyu sun farfaɗo a asibiti. Likitan ya duba Gulalai, ya ajiye abin awonsa, ya tambayi wanda ya kai ɗanyen gawayi rufaffen ɗaki. Mirwais ya ce ƙaddara ce.

“Ƙaddara ba ta buga karta,” in ji mahaifiyarsa.

An haƙa kabarin Gulalai da diga, don ƙasa ta daskare. Ya ɗauki maza huɗu awa biyu.

Iyaye, ɗebe wa yaro kewa a ɗaki ba ya buƙatar komai sai ku zauna tare da shi. Waya ba ta raino, ɗanyen gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa, kuma in yara suka yi tsit, a tashi a duba.