Kar Ki Share

Baba mai zanen littattafan labarai ne a Faskari, motar Zariya ke kai wa masu bugawa zanen nasa. Wata la'asar, salansar sabon babur ɗin Kawu ta ƙona mini ƙwauri, na shiga zaure ina kuka.

Baba ya ɗago kai daga takardarsa, ya dube ni.

"Tsaya hakanan, kar ki share," ya ce. "Tun safe nake neman wannan fuskar, kuma gobe mota za ta tashi."

Na tsaya, fensirinsa na ta kai-komo. Sai da ya gama Inna ta shafa mini zuma.

Kwanan baya na sake duba shafin littafin da zanen ya fito. Gaskiya yarinyar ta yi kyau. Tabon ma yana nan a ƙwaurina.