Makaɗin da Ya Kira Mamaci Fage

Ranar Asabar, goma sha tara ga watan Nuwamba, da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, gardama ta tashi a bakin fagen dambe na wani gari da ke gefen gulbi. An gama girbin gero, mahauta sun sa wasa, jama'a sun yi da'ira. A tsakiyar gardamar akwai wani tsohon makaɗin kalangu da ya yi wa 'yan dambe kiɗa shekara hamsin da ɗoriya. Cikinsu duka mutum ɗaya ne ya zauna masa a rai: wani bahago ɗan mahauta, gajere mai faɗin ƙirji, abokin tasowarsa, wanda ya yi kaka goma sha bakwai yana dambe ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, shekara talatin da ɗaya ke nan. Bai bar hoto ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari biyu ne: takensa, wato kiɗan da shi kaɗai ake kira da shi, da kuma sunan wanda ba a taɓa kayarwa ba. Dukansu a hannun makaɗin suke. Tun ranar jana'iza bai sake buga taken ba, sai dai wani lokaci yakan tarar yatsunsa suna yinsa a kan gwiwa ba da saninsa ba.

A ranar kuwa, wani dogon saurayi baƙo, zakaran bana, shi ne a fage, samari na ɗauke da faɗansa a wayoyinsu. Tambayar ita ce, da za a haɗa dogon da bahagon, wa zai kayar da wani? Makaɗin ya bi musu faɗan dalla-dalla kamar ya gani: yadda bahagon zai sunkuya ya bar dogo ya miƙo hannu, ya shige ta ƙarƙashin hammata, kafin turmi na biyu ya ƙare an gama.

Wani saurayi ya ce, "Baba, ku mutanenku kullum ƙattai ne, don ba mai hotonsu. Gobe ma sai ka ce ya naushi kura."

"Kai yaro, takensa kaɗai ya isa ya kwance wa dogonku gwiwa."

"To ga kalangu a hammatarka, ga dogo a tsaye. Kira mana shi mu gani."

Makaɗin ya san ba a yi wa mamaci kiɗan kira. Amma ba gardamar ce ta ci ƙarfinsa ba. Shekara talatin da ɗaya kunnensa na ƙishin wannan kiɗa, bai taɓa samun dalilin buga shi ba sai yau. Ya matse kalangu ya sa gula. Hannun bai manta ko bugu ɗaya ba. Ya dubi gabas, inda bahagon kan keto taro yana tofa yawu a ɗaurarren hannunsa, sannan ya rufe ido. A zuciyarsa, tsamiyar bakin fage da aka sare tuntuni ta dawo wurinta, muryoyin da suka yi shiru suka dawo, ya ji kamar takun abokinsa a bayansa.

Shi kuwa dogo bai san mai taken ba. Ya ji ana kiran namiji, sai ya yi abin da kowane ɗan dambe zai yi: ya fito tsakiyar fage, ya miƙa hannu, yana jira. Al'adar garin ita ce, wanda aka kira sau uku, abokin karawa na tsaye, bai fito ba, ya amsa kaye. Sarkin damben matashi ne, bara ya gaji mahaifinsa, shi ma bai san taken ba, sai ya shiga ƙirga. Makaɗin, ido a rufe, ya kai ƙarshe ya sake ɗaukowa, ya kai ƙarshe ya sake, don ba ya son ya rabu da abin da yake gani. Da ya buɗe ido, an riga an ɗaga hannun dogo, samarin da suka yi gardama da shi suka fara ihu, fage ya ɗauka, "Ya gudu! Bahago ya gudu!"

Ya ɗaga gula yana cewa, "Jama'a, ya rasu! Mutumin nan ya rasu!" Ihu ya haɗiye muryarsa. Aka saɓi dogo a kafaɗa aka nufi cikin gari da shi. Kafin mako ya zagayo, labari ya kai kasuwannin ƙauye cewa dogo ya kori wani bahago daga fage. Daga ranar, duk inda makaɗin ya ce ba a taɓa kayar da abokinsa ba, sai an sami mai cewa, "Ban da ranar Asabar ɗin nan." Abin da ƙattai suka kasa a kaka goma sha bakwai, mai ƙaunarsa ya yi masa a yammaci ɗaya.

A ranar wasan, da ƙarfe biyar da rabi fage ya watse. Waɗanda suka rage su ne: wata tsohuwa mai ƙosai da ta gane taken tun bugun farko, ta tsaya saurare har kaskonta ya ƙone, wani makaho, tsohon ɗan dambe, wanda bahagon ya taɓa cire wa haƙori biyu, yana share hawaye da bakin rigarsa, da makaɗin, zaune a ƙasa, kalangu a cinya, har yanzu yana fuskantar gabas.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.