Kafireton da Mode Ya Zaɓa

Tambari mai kayan gyara ya zazzage buhunsa a tabarmar zaure, kafireto uku suka gangaro, kowane da tsatsarsa. Lantana ta ajiye kwanon tuwon da ta kawo daga unguwar Gidan Dare, ta raɓe bakin ƙofa tana jan gyale.

Baba Mode bai ko dubi tuwon ba. Saƙo ya iske shi cewa naƙuda ta yi wa matarsa Dije tsawo a Tungar Yari, inda ta je haihuwar fari gidan iyayenta. Ga damina ta kankama. A faɗarsa, babu motar da ke ratsa laka irin ta fadamar nan ta kawo mace asibiti sai Landirobarsa, wadda ya saya gwanjo bayan ya daɗe yana tuƙa ta wa masu ginar rijiya. Motar kuwa tana ƙofar gida, nan Ƙofar Dundaye, ta ƙi tashi.

Ya ɗauki na farko ya girgiza shi kusa da kunne, ya ture. Na biyu ya bi shi da farce har ya gano tsaga a gindinsa.

"Wanga ka kawo min, Tambari? Ko jakinka ba ya sha da shi."

"Walle Mode ka cika tsirfa. Kowa ya samu ƙarin albashin Udoji ya sayi Fijo, kai kana nan da wagga tsohuwa. Balle yanzu da anka zuba kwal..."

Lantana ta ɗago kai ta dube shi. Tambari ya haɗiye sauran maganar, ya shiga kakkaɓe buhu.

Na uku shi ne mafi muni a ido, baƙi ƙirin, har da gidan zanzaro a maƙogwaronsa. Amma Mode ya taɓa 'yar ƙofar iskarsa, ta buɗe ta rufe ba gargada. Ya kafa baki ya hura, ya saurara. Fuskarsa ta washe.

"Wanga na da rai. Ke ɗiyar ga, kawo faranti da kananzir."

Bai taɓa kiran sunanta ba, ita ma ba ta taɓa sa rai ba.

Ya warware shi gunduwa-gunduwa. Hannunsa ya san kowane ƙusa, idon ne ya fara gazawa. Saboda haka ƙananan abubuwa nata ne. Ita ke wanke su da tsumma, ita ke zira zaren waya a ramukan da mai ke bi, ta ɗaga wa rana ta ga haske ya fito. Ya yanka sabon gasket mai hana yoyo daga kwalin sukari, ya shafa masa mai. Yana yi yana magana, ba da ita ba sosai.

"Tsoro gare ta, Dije. Ko allura ta gani sai ta ɓoye bayana. Na ce mata in lokaci ya yi, ta ji ƙugin mota kawai, ni ne."

Lantana ta sunkuyar da kai kan farantin.

Da aka zo haɗawa ya miƙo mata 'yar allurar tagulla mai tsayar da mai in tukunyar kafireto ta cika, ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba.

"Sa ta wurinta, idonki ya fi nawa. Ta zauna?"

"Ta zauna, Baba."

Ya rufe, ya ɗaure.

Bayan la'asar ya kori kazar da ke kwanci ƙarƙashin kujerar direba, ya ɗora kafireton a kan inji. Tambari ya ba tayoyin iska ba don ya so ba. Hadari ya haɗo daga gabas. Mode ya sa sabuwar hula, ya shimfiɗa bargo a bayan mota inda Dije za ta kwanta, ya gyara shi har sau biyu. Sannan ya yi bisimilla, ya zira ƙarfen tayar da inji ta gaba, ya murɗa.

Shiru. Ya sake. Motar ta yi tari.

A na uku ta kama. Ƙugi ya cika lungun, hayaƙi ya turnuƙe, Mode ya ɗaga hannuwa sama yana dariya kamar yaro. Lantana ta dafe bango. Ya zagaya da gudu, ya kama ƙofa, ya ɗora ƙafa ɗaya.

Sai injin ya shaƙe. Ya kakare, ya yi shiru. Fetur ya tsiyayo ta gefen kafireto yana ɗiga a ƙasa.

Mode ya daɗe tsaye da ƙafa ɗaya a mota. Daga nan ya zame ya zauna cikin ƙasa, ya cire hular.

"Tana jirana," ya ce. "Za ta ce ƙarya na yi mata."

"Gobe, Baba. Tambari zai nemo wani. Taso ka ci tuwo, ruwa na tahowa."

Ya ci loma kaɗan, barci ya ɗauke shi a tabarma. Ta lulluɓe shi da bargon.

Sai da ta kama hanyar gida cikin yayyafi ta kwance ƙullin bakin zanenta, ta jefa 'yar allurar a kwata. Tun zazzaɓin bara da ya mayar da hankalin Baba can baya, sau ɗaya aka taɓa gaya masa gaskiya, ya yi kuka kamar a ranar aka yi, ya kwana uku bai ci ba, gari ya waye ya koma neman kafireto. Ba za ta bari ya isa Tungar Yari ya tambaya a nuna masa kabari ba. Shekara goma sha tara ke nan Dije na kwance gabas da ƙauyen, tun ranar da motar nan ta mace a fadama, ungozoma ta fito rungume da jaririya ita kaɗai, aka raɗa mata suna Lantana.