Wa Ya Ce Ku Gaishe Shi?

Tun da aka kafa dokar tausasa wasiƙu, babu takardar da ke barin gidan waya sai na'ura ta gyara mata harshe.

Kande ta rubuta wa yayanta Sallau layi ɗaya tak, da gangan ba gaisuwa: "Mun binne Inna, ba ka zo ba."

Takardar ta fito shafi guda cur.

"Malam, wa ya ce ku gaishe shi?" ta daka wa ma'aikacin tsawa. "Ai rashin gaisuwar shi ne saƙon!"

"Hajiya, wasiƙar zumunci ce. Daga tsofaffin wasiƙunki na'urar ke ɗauko gaisuwa."

Kande ta duba ƙasan shafin. An rufe yadda ta saba rufewa: "Inna tana gaishe ka, ta ce yaushe za ka zo?"